Abin da Tsohuwar Ta Sani

Ranar Juma'a muka yi ƙaura,
ba buhu, ba akwati, ba ko tsinke a hannu.
Lissafin masunta na shekara goma sha ɗaya
ya bi ta waya cikin minti arba'in,
daga tsohuwar na'urar da ke ƙarƙashin tebur
zuwa sabuwar sabar da ban taɓa gani ba,
wai tana Santiago, a wani ɗaki mai sanyi.

Ruwa na zuba a Valdivia, kamar kullum.
Na kashe tsohuwar.
Fankarta ta yi tari ɗaya, ta yi shiru.

Asabar da asuba Rayén ta kira ni
daga bakin kogi: manhaja ta ƙi buɗewa.
Na dafa kofi, na buɗe kundin kurakurai.
Ba ka da izini, in ji shi.
Ni? Ni da na goyo ki har nan?
Ashe a sabon gida ba a san mai gida ba,
kowane fayil ya ja ƙofa ya sa sakata.
Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina raba makullai.

Ta buɗe, sai ga sunaye sun dagule.
Ñancupil, Peñailillo, Ibáñez,
duk harafin da ke ɗauke da 'yar alama a ka
ya koma tarkace.
Mutum ya shekara talatin yana jan taru,
dare ɗaya a ce ba a san shi ba.
Layi guda ne a saiti. Na gyara,
kowa ya karɓi sunansa.

Sai agogo. Nata ya riga namu da awa huɗu,
kifin da aka auna a daren yau
ta rubuta shi a gobe.
Wannan ma na daidaita,
na yi barcin wanda ya biya bashi.

Litinin ce ta tona asiri.
Jirage tara sun dawo maƙil da kifi,
motar ƙanƙara ba ta zo ba.
Wa yake kiranta da?
Rayén ta ce, ai na ɗauka kai ne.
Ni kuwa duk zatona ita ce.
Muka tsaya cirko-cirko cikin yayyafi,
kifi yana ta sake wari.
Zakunan teku kaɗai suka yi biki,
suna gurnani a gindin matakala.

Kundin kurakurai fes yake.
Aikin da ba a san da shi ba
ba ya barin sawu idan ya ɓata.

Na jawo tsohuwar, na share mata ƙura,
na maƙala waya kamar mai neman gafara.
Can ƙasa, cikin ayyukan da take yi ita kaɗai,
na tarar da layi goma sha biyu.
Kullum ƙarfe uku na dare
tana ƙirga jiragen da suka fita,
ta aika wa kamfanin ƙanƙara adadin buhuna.
A samansu Don Eliseo Catrileo ya bar rubutu:
na wucin gadi ne, zan gyara daga baya.

Shekara huɗu ke nan da muka binne shi a Niebla,
kuma bai taɓa fashin sayo mana ƙanƙara ba.

Na kwafe layukan, ban taɓa ko waƙafi ba,
har da alkawarin nasa.
Da tsohuwar zuma ake magani.
Na zauna har uku, ido a kan allo,
saƙo ya fita.
Biyar da kwata na ji kukan mota tana ja da baya.

Rayén ta ce yanzu sai a kai tsohuwar bola.
Na ce a ba ta wata guda.
Tana nan a ƙarƙashin tebur, tana huci a ƙafata.
Ban san me kuma take yi mana ba.